Turaren Wuta a Kayan Farauta

Ni dai ban taɓa kashe abin da ya fi sauro girma ba. Ko ragon layya, mahauci nake kira, in tsaya daga nesa ina ba da umarni. Don haka ranar da abokina ya buga min waya ya ce in shirya mu je farauta wata ƙasa a kudancin Afirka, dariya na yi. Tare muka yi makarantar kwana da shi, tare muka zo Abuja aikin gwamnati, daga baya ya ajiye aikin ya kama kasuwanci. Ya sha zuwa irin wannan farautar, falonsa ma cike yake da ƙahonni.

Ya ce, “Mutumina, ka kusa ritaya ba ka san komai ba sai kujerar ofis. Ka fito ka ga daji ko sau ɗaya a rayuwarka.”

Bakina ya riga hankalina, na ce to. Tun daga ranar kuwa hankalin bai sake kwanciya ba.

Bindiga a can za a ba mu, a can kuma za a koya min riƙe ta, saboda haka shirina duk na sutura ne. Na sayi riguna da wanduna masu kalar ƙasa, da hular rana, da wani takalmi mai dogon wuya. Mai shagon ya ɗaga shi ya ce, “Oga, wannan takalmi tana da ƙarfi fa. Ka fara sa ta tun yanzu, in ba haka ba za ta ci maka ƙafa.” Gaskiya ya faɗa. Kullum da safe nake zagaya bakin tafkin Jabi da shi, ina ɗingishi, samari masu motsa jiki suna wuce ni suna waige. Diddigena ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi.

Ana saura kwanaki kaɗan, abokin nawa ya zo gida bayan la’asar don ya yi min bayani. Matata ta kawo mana kunun aya, ta zauna a gefe suna gaisawa. Shi kuwa in ya fara zancen daji ba ya jin kira.

Ya ce, “Barewa da gwanki za mu nema. Ba idonsu ne matsala ba, hancinsu ne. In iska ta kai musu ƙanshin mutum, ba sa matsowa, ko ƙurarsu ba za ka gani ba. Kada ka sa turare. Kayan nan kada a wanke su da sabulu mai ƙanshi. Wancan zuwan akwai wanda ya fesa turare, jagoranmu ya shinshina shi kawai ya ce ya zauna a mota. A motar ya wuni, muna dawowa muka tarar da shi yana gyangyaɗi.”

Ya yi dariya har da dukan cinya. Sannan ya ƙara da cewa dajin akwai ɓauna, ita kuwa in ta ji rauni ba gudu take yi ba, zagayowa take ta biyo mutum ta baya. Matata ta ce, “Allah ya kiyaye,” ta kwashe kofuna ta shiga ciki.

Ina tsoron ɓaunar, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai zaman motar ne. Na san abokina, na san sauran ’yan ajinmu da muke zumunci a waya. In aka bar ni a mota, hotona ina gyangyaɗi zai riga ni dawowa gida, kuma har in mutu da shi za su riƙa kirana. Na ƙudurce a raina ko tsuntsu ban harbo ba, sai na taka dajin nan da ƙafata.

Sai na zama wani iri. Da kaina na wanke kayan da sabulu marar ƙanshi, ni da rabona da wanki tun ina gwauro. Na shanya su a bayan gida, na tsaya gadinsu don kada hayaƙin kicin ya taɓa su. Na daina sa turare gaba ɗaya. Ranar Juma’a na shiga sahu ba ko ɗigo a jikina, na ji kamar ban gama sa kaya ba. A ofis nakan ɗaga hannun riga in shinshina in na ga ba mai kallona.

A duk wannan taka-tsantsan, abu ɗaya ya kwanta min. A gidanmu ba wanda yake tafiya matata ba ta turara masa kaya ba. Wajen mahaifiyarta ta gaji abin, ita ke haɗa turarenta na wuta da hannunta. Tana da wani kasko da ta saya wajen masu gina tukwane a Ushafa. Za ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren, ta kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan da ake shimfiɗa tufafi don hayaƙin ya ratsa su. Tun da muka yi aure, ko taron kwana ɗaya aka tura ni, da wannan ƙanshin nake fita. Kuma turarenta ko an wanke kaya ba ya barinsu da sauƙi.

Ana gobe tafiya na fita sayen maganin zazzaɓi da aka ce in riƙe. Na dawo da rana tsaka. Tun daga ƙofar gida na ji ƙanshin turaren. Na shiga da sauri ko mota ban kulle ba.

Ga su nan a kan kabbasa: riguna, wanduna, hular rana, har safa. Hayaƙi na fita ta cikin zaren. Ita kuwa tana durƙushe tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Hajiya! Me kika yi haka?”

Ba ta ɗago ba. Na fizge kayan, na kai hancina. Sun sha turare har wuya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa. Na ce jirgi da safe ne, yaushe zan wanke, yaushe za su bushe, in ma sun bushe ai ƙanshin yana nan. Na ce ta jawo min zaman mota, ta mai da ni abin dariya bayan duk wahalar da na sha. Na ɗauko bokiti na nufi famfo, na buɗe ruwa.

Ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Na juyo na ce, “Ba a gabanki abokina ya yi bayani ba? Ba ki ji abin da ya ce ba?”

Ta ce, “Na ji.”

“Kin ji?”

“Na ji shi sarai, Alhaji. Ya ce in sun ji ƙanshi ba sa matsowa. Shi ya sa na ƙara garwashi.”

Na tsaya da riga a hannu, ruwa na zuba a bokiti.

Ta ce, “Su yi maka dariyar. Su yi ta yi har su gaji. A cikin mota dai ba abin da zai zagayo maka ta baya.”

Idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne. Tausayinta ya kama ni, faɗan duk ya fita daga bakina. Ashe tun ranar kunun aya take ɗauke da ɓaunar nan a ranta ita kaɗai, ni ina can ina gadin shanya.

Na rufe famfo. Muka koma ɗaki, ta ninke kayan ina jerawa a jaka. Hular ce kawai ta ce ba ta gama kamawa ba, ta mayar da ita kan kabbasa, ni kuma ban hana ta ba.

Washegari a filin jirgi abokina ya taho da fara’arsa ya rungume ni. Sai ya ja hanci, ya ja da baya, ya dubi jakata, ya dube ni.

Na ce, “Na sani. Ka dai ce su bar min kujerar da ke jikin taga.”