Tsuntsun da Doreen Ta Ce Ya Ɓace

Shekara talatin Doreen Thibert, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya a garin Leamington, ta yi tana ƙidayar ƙananan tsuntsayen da ke yada zango a kurmin bakin Tafkin Erie kowane watan Mayu. Da kukansu take gane su, ko kai ba ta ɗagawa, kuma ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ba ta taɓa shakkar rahotonta ba. Shekara uku a jere ta rubuta cewa wani tsuntsu mai baƙin kai da siririyar murya ya daina zuwa.

Wata safiya abokin yawonta, Gord Wigle, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya ya ce, "Doreen, ga mamacin naki can yana rera waƙa a kanki."

Ta ɗaga madubin hangen nesa. Bakin tsuntsun a buɗe, maƙogwaronsa na rawa, ita kuwa ba ta jin komai.

"Tun yaushe kake jin sa?"

"Kowace shekara, 'yar'uwa. Wa ya isa ya faɗa miki?"

A makon nan ta rubuta wa ƙungiyar, ta roƙi a soke rahotannin uku, a ba wani yankin da take ƙidaya, tunda kunnenta ya daina kama siririyar murya.