Sarsan Nomau da Taron Lahadi

Ku da kuka san Sarsan Nomau, tsohon sajen soja, kun san ba ya gaisawa da hannu. Kana miƙa masa hannu sai ya matso da hancinsa dab da bakinka ya ce, "Ce ha!" In ka ce ha, ya lumshe ido ya shaƙa, sannan ya tambayi lafiyar gida. Har limamin unguwa bai tsira ba.

Shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai na san shi. Lokacin ina direban babbar mota, giya kuwa ta riga ta ci ni. Ran da na kifar da mota a kan hanyar Bambeye, buhunan hatsi suka watse cikin rairayi, mai motar ya ce saura kuskure ɗaya. Wani ma'aikacin likita da ya ɗaure mini hannu ya raɗa mini cewa akwai wani cikin mazan jiya da ke tara waɗanda suka bar sha, kowace Lahadi, bayan kasuwar dabbobi.

Na tafi ina rufe fuska da rawani. Na zagaya kasuwar Tawa sau biyu, kunya ta hana ni tambaya. Daga ƙarshe na tsaya wurin wata mai fura, na ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ina dattawan nan masu shan shayi suke zama?"

Ta ɗaga murya kamar mai shela: "Taron mashaya kake biɗa? Ga su can gindin gawo!"

Kai! Har raƙuma suka juyo.

Na tarar da mutum bakwai a kan tabarma, da wani dogo mai tsohuwar rigar soja. Ya ce, "Ce ha!" Na ce ha. Ya ce, "Ta jiya ce, ja, mai arha. Zamna. Nan kowa ya san warin."

Tsarin taron ba wuya. Kowa ya faɗi abin da ya same shi a makon, ba ƙarya, ba wa'azi, abin da aka faɗa kuma a gindin gawo yake kwana. Sarsan ya rufe da maganarsa ta kullum: "Yau kaɗai za ka bari. Gobe ta Allah ce."

Sai shayi. Wayyo, shayin Sarsan! Ganye ɗaya yake dafawa har sau biyar. Agali, wani Buzu makiyayi da ke zuwa daga arewa, ya kurɓi na biyar ya ce, "Sarsan, wanga ba shayi ba ne. Ruwa ne da ya taɓa jin labarin shayi."

Sarsan ya ce, "Shekara goma kana shan abin da ya cinye maka raƙuma tara, ba ka kai ƙara ba. Shanye!"

Ya shanye.

Wata Lahadi wani malami daga Kalfu ya ji labarinmu, ya zo da littafinsa. Ya yi ta jawo hujja cewa giya haram ce. Sarsan ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce, "Allah shi gafarta Malam, haram kam mun sani. Muna sha muna sani. Abin da muke biɗa, yaya mutum zai wuce ƙofar gidan giya ranar biyan albashi, ƙafarsa ba ta karkata ba? Akwai shi cikin littafin?"

Malam ya ce, "Sai dai a canza hanya."

"Madalla! Ka ga abin da muke yi ke nan. Ku ba Malam shayi, na farko."

Wata na huɗu na faɗi. Bikin wani aboki ne, aka ce kofi ɗaya. Na yi Lahadi biyu ban je ba. Ranar Litinin da hantsi sai ga Sarsan a ƙofar gidana da tabarmarsa. Bai yi faɗa ba, bai ko tambaye ni ba. Ya shimfiɗa ya zauna. Tuwon rana ya fito, ya ci. Na yamma, ya ci, ya nemi ƙari. In na fita yana bayana, in na dawo yana bayana. Kwana uku!

Rana ta huɗu matata Hadiza ta ce, "Maigida, don girman Allah ka koma taron nan. Giyarka ba ta taɓa cinye mana rumbu kamar tsohon ga ba."

Na fita na ce, "Sarsan, na ji kunya ne."

Ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Ni sau bakwai na faɗi, kuma babu wanda ya zo ya ci mini tuwo. Lahadi ina jiranka."

Na je. Ban sake sha ba, motar ma ban rasa ta ba, da ita na aurar da 'ya'yana.

Ranar jana'izarsa mutane suka yi ta mamakin sahun: direbobi, akawu, mahauta, Buzaye, ba wanda ya san abin da ya haɗa mu, mu ma ba mu faɗa ba. Allah ya jiƙan Nomau. Yadda ya rufa mana asiri, Allah ka rufa masa nasa, ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.