Amsar da Za a Ba Hajiyar Tarauni

Abin ya faru ne damina biyu bayan an kulle gari saboda annoba, shekarar da katangar gidanmu na Gyadi-Gyadi ta zube a kan akurkin kajina. Lokacin jikata ta fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, tana kuma ƙarin karatu ta waya. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san aji yana da ƙofa. Nasu babu. Malami zai jefo tambaya, kowa ya rubuta abin da ya sani, sannan a haɗa ka da wani ɗan ajin ka duba maganarsa. Wai in ka rubuta "na yarda" kawai, ko maki ɗaya ba ka da shi. Sai ka tono inda ya kauce, ka kawo takardar likitocin da ka dogara da ita, kowa yana gani.

Makon da suka yi maganar cibiyar jariri, sai aka haɗa ta da Hajiyar Tarauni. Hajiyar nan ita ce shugabarta a asibiti, ita ta yi mata hanyar aikin, kuma aminiyar marigayiya 'yata ce. Da girmanta ta koma karatu. Ta rubuta cewa a riƙa goge cibiya da sifirit. Jikata ta bincika, ta ga an daɗe da komawa wani magani na shafawa.

"Inna, dole in faɗa," in ji ta. "Makina na baya ya yi ƙasa. In na sake faɗuwa, sai na maimaita darasin."

"A gaban wa za ki faɗa?"

"Duk ajin. Har da 'yan Legas."

"Matar da ta goya ki? Ke?"

Na ce to ta fara da gaisuwa, ta tambayi yara da ciwon ƙafarta. Ta ce ba a ba da maki a gaisuwa. Na ce wannan malami a daji aka raine shi?

Ba da ni za a ce gidanmu ba a san girma ba. Da safe na zuba dambu a kwano, na yafa mayafi, na tari adaidaita zuwa Tarauni. Duk hanya ina ta lissafi. In Hajiya ta yi fushi, aikin fa? In yarinyar ta yi shiru, karatun fa?

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Inna, ba don ƙafata kika sha rana ba."

Na faɗa mata. Ta ɗauki wayarta tana dubawa ta saman tabarau. Ni kuwa ina ta murza bakin mayafina.

"Bar ta ta rubuta," ta ce. "Amma ta riƙe hujjarta da kyau, don zan mayar mata. Ni ma makin nake nema."

Da na tashi, a bakin falo ta tsaya. Ita da kullum sai ta kai ni titi.

Jikata ta rubuta, ta jero takardunta. Abu ɗaya na ci nasara a kai: ta fara da "Mama". Hajiya ta mayar mata cewa maganin shafawar yakan yanke a kasuwa, to uwar da ta haihu a ƙauye ta yi yaya? Yarinya ta koma bincike, ido ya yi ja. Ni kuma duk ƙarar da wayar ta yi sai in ce, "Ya fito?" Har ta fara ɓoye min ita.

Da makin ya fito, dukansu sun haye. Malamin ma ya ce sauran su yi koyi da su. Aikin jikata bai taɓu ba. Sai dai da Sallah, direba Hajiya ta aiko da abinci, ba ta zo da kanta ba. Ƙafar ce ko maganar ce, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Maƙwabciyata da na kai wa kukana a kwanakin ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Malamin, ko yana raye ko ba ya raye, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hajiya ta ajiye aiki, tana nan Tarauni. Jikata tana Darmanawa da mijinta. Ni ma ga ni.