Ranar da Na Goya Surukina a Kan Kwaɗo

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda matata ta ce bai kamata in manta ba. Amma akwai wata safiya ta damina da na tabbata ko tsufa ba zai goge min ita ba, ita ce ranar da na goya surukina a kan babur mai ƙafa huɗu.

Ni manomin rake ne a Makarfi, gonata tana cikin fadama ta bayan Gubuchi. Duk wanda ya san hanyar nan ya san da zarar marka ta kama, babur mai ƙafa biyu sai ya koma kaya, kai za ka ɗauke shi maimakon ya ɗauke ka. Da na gaji da faɗuwa cikin taɓo a gaban jama'a, sai na sayi wannan a hannun wani mai gona ta wajen Kudan da ya tashi komawa birni. Ba ƙarami ba ne irin na wasan 'ya'yan masu hali, ba kuma ƙato ba ne, matsakaici ne. Tayoyinsa masu kauri, da kariya gaba da baya ta ɗora kaya, da wani maɓalli wanda in ka danna duk ƙafafun huɗu suke ja tare. Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake dannawa. Mutanen unguwa suka dubi yadda ya tsuguna a ƙofar gidana, suka sa masa suna Kwaɗo. Na ji haushi ƙwarai, amma sunan ya bi shi, har ni ma yau haka nake kiransa.

A cikin daji ba ni da ƙorafi a kan Kwaɗo. Ya bi turba tsakanin rake da masara, ya hau kunyar gona ya sauka, ya ratsa laka da buhunan taki a bayansa ko a jikinsa. Matsalata ɗaya ce, kuma tana cikin gari: hanyar fita zuwa gona ta ƙofar gidan surukina ta bi.

Surukina malami ne, yana karantar da manyan littattafai a zaurensa, in ya tashi darasi kuma ya fito ya zauna a kan buzu a ƙofar gida tare da dattawan unguwa. Matata ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, balle nawa. Shekara da shekaru muna tare, bai taɓa duban fuskata ya yi min magana ba. Ina tsugune a gabansa zai dubi bango ya ce, “A gaya wa mutumin nan Allah ya yi masa albarka.” Ni kuma in dubi ƙasa in ce amin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma mun iya ta mu duka biyu.

To, a wurinmu ba ka wuce surukinka a kan abin hawa. Kafin ka iso za ka kashe, ka sauka, ka tura har ka wuce, sannan ka hau. Da tsohon babur ɗina wannan ba komai ba ne, da hannu ɗaya nake yi. Ranar farko da na zo da Kwaɗo ban yi tunanin komai ba, na kashe, na sauka, na cire shi daga giya, na kama kansa na tura. Bai motsa ba. Na koma baya na sa kafaɗa. Ya ɗan gusa kamar ana jan sa zuwa mahauta. Dattawa suka bar hira suka zuba ido, ni kuma dole in yi gaisuwa ina nishi, tun daga ina kwana har gajiya, har iyali, har ruwa, kuma gaisuwar ta ƙare ban kai ko tsakiyar majalisar ba. Sai na sake faro ta daga farko.

Wani dattijo ya ce, “Lafiya kuwa abin nan?”

Na ce, “Lafiya lau, Baba. Haka ake tura shi.”

Surukina ya ci gaba da jan carbinsa.

Wani maƙwabcina ya ba ni shawara in riƙa barin injin yana aiki, in sauka in yi tafiya a gefensa ina ɗan danna totur. Na gwada sau ɗaya. Yatsana ya zarce, Kwaɗo ya zabura ya nufi butocin alwalar dattawa, ni ina biye da shi a guje ina cewa ina kwananku. Daga ranar na koma turi. Haka na yi ta yi safe da yamma, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu.

Ranar da nake ba ku labari, an kwana ana ruwa. Ina shan koko matata ta shigo da waya a hannu, ta ce mahaifiyarta ce ta kira. Aminin Malam ya rasu bayan asuba, a wani ƙauye da ke ƙetaren rafi, gaba da gonata. Tare suka yi karatu a Zariya tun suna samari, kuma kowa a gidajen biyu ya san alkawarin da ke tsakaninsu: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sallace shi. 'Ya'yan mamacin sun ce za su ɗan jira, amma hadari ya sake haɗuwa a gabas, kuma kabarin da aka haƙa ya fara tsattsafo da ruwa. Mota ba ta shiga, 'yan acaɓa sun ce rafi ya cika. Malam bai roƙi kowa ba, ya ɗauki lema da sanda ya kama hanya a ƙasa. Da gwiwoyinsa yadda suke, in ya isa da azahar ya yi ƙoƙari, kuma kafin nan an daɗe da rufe mutum.

Matata ta ce, “Ka bi shi.”

Na ce, “Ni? In ce masa me?”

Ta ce, “Kada ka ce masa komai. Ai kun saba.”

Na iske shi a bayan gari yana taka laka a hankali, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Na kashe, na sauka, na tsuguna a cikin taɓo, na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Ya amsa duka bai rage ko ɗaya ba, ni kuma raina yana kan hadarin nan. Sannan ya dubi gonar masarar da ke gefe ya tambaye ta, “Abin nan yana shiga ruwa?”

Na dubi ƙasa na ce, “Yana shiga, Allah ya gafarta Malam, in bai wuce gwiwa da yawa ba.”

Ya zagaya Kwaɗo sau ɗaya. Kujerar doguwa ce, tana ɗaukar mutum biyu in sun yarda su matsu, kuma a nan maganar take, domin Malam ba zai manna ƙirjinsa da bayan mijin 'yarsa ta fari ba. Sai ya yi bisimilla ya hau kariyar baya, inda nake ɗora taki, ya juya min baya yana fuskantar inda muka fito. Ya gyara rawani, ya buɗe lema. Na tayar muka tafi, ni ina kallon Gubuchi, shi yana kallon Makarfi.

Ban taɓa tuƙi da tsoro irin na ranar ba. Kowane rami sai na rage gudu. Turbar ta zama santsi zalla, ganyen rake yana marin mu ta ko'ina, kuma Kwaɗo abu ne da in za ka sha kwana sai ka karkata jikinka tare da shi, amma mutumin da ke bayana zaune yake cak kamar yana zaure. Da muka zo wata majalisar dattawa a bakin hanya, yatsana da kansa ya saki totur, don sabo. Sai na ji murya ta baya ta ce, “A wuce. Na ɗauke masa.” Na wuce. Shi kuwa da yake su yake fuskanta, ya gaishe su gaisuwa cikakkiya muna nisa yana ƙara ɗaga murya, har ya tambaye su gajiya ba su ji ba.

Rafin ya cika kamar yadda aka faɗa, ruwan ja, yana tafe da kara da ganye. Na ari sandarsa na shiga na gwada. Ya ɗan haura gwiwa, ƙasan yashi ne, Kwaɗo zai iya. Abin da ya dame ni gaɓar da ke can ƙetare ce, tsaye take, kuma duk wanda ke zaune a kariya yana kallon baya, da zarar kan babur ya ɗaga, cikin ruwa zai zame. Dole ya dawo kan kujera, ya fuskanci gaba, ya riƙe ni. Na gwammace in ɗauki Kwaɗo a ka da in faɗa masa haka. Sai na yi yadda yake yi, na dubi tayar gaba na ce, “Shi wannan abin, in zai hau tudu, sai na baya ya juyo ya riƙe na gaba.”

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya kara a kunne, ina jin muryar ɗan mamacin: “Baba, an fito da shi. Hadarin ya taso. Mu ƙara jira ne?”

Ya ce, “Ga mu a bakin rafi.”

Ya rufe lema. Ya sauko, ya hau kujera, ya kama gefen rigata da yatsu biyu. Na danna maɓallin ƙafa huɗu, na sa ƙaramin giya, muka shiga. Ruwa ya rufe ƙafafunmu, injin ya canza murya, muna tafiya a hankali. A tsakiya tayar baya ta faɗa wani rami da sanda ba ta gano ba, Kwaɗo ya karkace, ruwa ya taɓa kujera. A nan yatsu biyun nan suka zama hannaye biyu. Malam ya rungume ni ta ciki da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya kifa goshinsa a bayana. Na tsaya a kan totur ban saki ba, tayoyin gaba suka kama yashi suka fizgo mu, muka haye gaɓar muna zubar da ruwa.

Na zaci zai sake ni da mun hau. Bai saki ba. Ina jin ƙirjinsa yana rawa a bayana, da farko na ɗauka sanyi ne, sai na gane kuka yake yi. A hankali ya ce, “Tare muka ƙetare rafin nan da shi, littattafanmu a ka.” Ba da bango yake ba, ba da masara ba, babu kowa a wurin sai ni. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika, na ce, “Allah ya jiƙansa, Baba.” Wannan ne karo na farko da na kira shi Baba a kunnensa.

Da muka shigo ƙauyen an riga an yi sahu a fili, gawa tana gaba, limamin garin ya fito ya tsaya. Ƙarar injin ce ta sa suka waiwaya. Limamin ya ja da baya. Malam ya sauka, jiƙe sharkaf har ƙugu, takalminsa ɗaya ya tafi da ruwa, ya cire ɗayan ya wuce gaba. Na shiga sahun baya. Ya yi kabbara, muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Ana gama rufe kabari yayyafi ya sauko.

A hanyar dawowa ya riƙe ni har muka ƙetare rafin. Muna hayewa ya ƙwanƙwasa kariya da sanda, na tsaya, ya sauka ya koma mazauninsa na baya, ya juya, ya buɗe lema. Haka muka shiga Makarfi. A ƙofar gidansa ya sauka, ya dubi bangon zaure ya ce, “A gaya wa mai abin nan, daga yau in ya zo wucewa ba sai ya sauka ba. Abin yana da nauyi.”

Washegari na zo wucewa, na kashe, na sauka, na sa kafaɗa. Ya ɗaga kai daga carbinsa ya dube ni, a ido, na ɗan lokaci, sannan ya mayar da kai. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Malam ya rasu shekarun baya. Buzun ba ya ƙofar gida yanzu, dattawan ma saura kaɗan. Kwaɗo ya tsufa, sai an lallashe shi yake tashi da safe. Har yau in na zo daidai zauren nan ina kashewa in sauka in tura, masu wucewa suna tambayata ko mai ne ya ƙare, in ce musu a'a, haka ake tura shi. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, a da ina sauka ne don kada a ce ba ni da tarbiyya, kuma irin wannan saukar kowa zai iya ɗauke maka ita da kalma ɗaya. Wadda nake yi tun daga bakin rafin nan tawa ce, ko shi da kansa bai iya ɗauke min ita ba.