Nama a Takardar Siminti

Washegarin babbar salla ce, shekarar da na shiga aji huɗu a lekol, wato firamare. Ruwa ya kwana yana zuba har yashin tsakar gidanmu na Zongo ya koma taɓo, hayaƙin babbakar kawunan raguna kuma ya cika unguwa. Baba na tsugune gaban tabarma da wuƙa yana kasafta nama, Inna na jera kwanoni, ni kuwa ina tsaye ina jiran aike, don ni ce 'yar rabon gidan. Sai ya yanki tsoka mai kyau daga cinya, ya ture kwanon da Inna ta miƙo masa, ya jawo takardar buhun siminti ya naɗe. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ki kai wa waccan ta Saint-Michel." Waccan ɗin Yaya Zuwaira ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aka shekara ba a ambaci sunanta a gidan ba. Wallahi don murna ko takalmi ban tsaya nema ba.

Yaya Zuwaira ce ta raine ni. Ita ke yi mini kitso duk Alhamis, tana ranƙwashina idan na motsa, ita ta koya mini carafke da tsakuwoyin bakin titi. Da damina tare muke kwarfe ruwa daga ɗaki da ƙoƙo, tare muke layin famfo, ita da babban bokiti ni da ɗan tulu. Da ta gama firamare aka kai ta koyon ɗinki wurin wata madam 'yar Togo a unguwar Saint-Michel. Matar ba ta ja ta ko'ina ba, gaskiya dai gaskiya ce. Yaya ce mai shegen tambaya tun tana ƙarama, har malaminmu na allo yana ce mata "kin fi kaza tona". Ta ji masu ɗinki suna waƙoƙin coci a kan keke, ta tambayi ma'anarsu, daga nan ta nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa tana karantawa a shago. Sannu a hankali ta fara bin su wata 'yar majami'ar Furesbiteriyan mai rufin kwano, inda 'yan Togo da 'yan Gana ke taruwa. Dattawan cocin ba su yi gaggawar karɓarta ba. Sun sa ta zaman koyo mai tsawo, sannan suka ce ba za su yi mata baftisma a ɓoye ba, sai ta faɗa wa mahaifinta da bakinta.

Ta kuwa faɗa. Baba direban babbar mota ne, mutum mai tsawa, amma ranar ko murya bai ɗaga ba. Ya ce ta kwashe kayanta kafin ya dawo daga masallaci. Inna ta yi kuka har ta shaƙe, dangi suka yi ta zuwa jaje kamar an yi mutuwa, a makarantar allo yara suka daina zama kusa da ni. Na tsani Yaya a lokacin, na kuma yi kewarta har abinci ya fita raina.

To, a gidanmu rabon layya yana da ƙa'ida. Na dangi a kwano yake tafiya, kwano kuma ba ya dawowa haka nan, sai an sa wani abu a ciki an kawo shi da ƙafa, a zauna a gaisa. Inna kan ce, "Kwano shi ke riƙe zumunci, ba nama ba." Na maƙwabta na nesa da masu wucewa da ɗan ƙabilar Fon ɗin da ke gyara wa Baba taya, a takarda ake naɗe shi, a ba su, a yi sallama. Na san wannan sarai, ni ke rabon. Amma murna ta rufe mini ido.

Na iske Yaya ita kaɗai a shago tana kafa maɓalli. Ta rame. Ta rungume ni tana shafa kaina tana cewa, "Rabi, wa ya yi miki wannan mugun kitson?" Na miƙa mata ƙunshin ina haki na ce, "Yaya, Baba ne da kansa ya yanka, ya huce!" Ta karɓa da hannu biyu, ta duba bayana, ta duba hannuwana. Ta ce, "Ina kwanon?" A nan na tuna ƙa'idar gidanmu. Ta ajiye naman a kan keken ɗinki, jini yana ratsa takardar. Daga baya ta ce in zauna, ta tsefe mini kai ta sake kitsa shi, ko ranƙwashi ɗaya ba ta yi mini ba, hawayenta na ɗiga a wuyana. Da zan tafi ta ce, "Ki ce na gode." Ba ta ba ni komai na kai gida ba, don ba abin da za ta sa shi a ciki.

Haka aka yi ta yi duk shekara. Baba bai taɓa fasa yankar mata cinya ba, bai kuma taɓa karɓar kwanon da Inna ke miƙo masa ba. Kowace salla Yaya sai ta duba hannuna kafin ta dubi fuskata. Ina aji na ƙarshe a kwaleji motar Baba ta faɗi a hanyar arewa, gawarsa aka kawo mana. Yaya ta zo gaisuwa da lulluɓinta har ƙasa, aka shimfiɗa mata tabarma a zaure tare da baƙi. Daga can ta yi kukan ubanta.

Yau Zongo ta cika da benaye, mutane na tura wa juna barka da salla ta waya, nama kuwa ɗan zemijan mai babur ɗin haya ake bai wa a leda ya kai, ba wanda ke jiran kwano. Yaya tana unguwar Zogbo da 'ya'yanta da jikokinta, furfura ta fito mata, ita ce ke jagorantar mata a cocinsu. Ni ina nan kan sallata, ba ta taɓa jana ba, ban taɓa janta ba. Duk layya nakan ɗauki tsohon kwanon Inna in kai mata da ƙafata, ita kuma ta dawo da shi cike da cincin, mu zauna mu yi hira. Bara tana wanke shi a bakin famfo sai ta tsaya tana jujjuya shi, ta ce, "Rabi, da Baba ya ƙara shekara ɗaya, kina jin zai karɓi kwanon nan daga hannun Inna?" Na ce mata zai karɓa. Allah ne kaɗai ya sani, amma mace mai jikoki ce ta tambaye ni, kuma har yanzu kwanon ubanta take jira.