Watandar Kwamfuta

Ko da zan manta ranar da na karɓi digirina, ba zan manta ranar da aka yi watandar kwamfuta a gabana ba.

Lokacin ana tsuke bakin aljihu, sai ƙananan hukumominmu biyu maƙwabta suka haɗu suka sayi kwamfuta ɗaya domin buga takardar shaidar asali, aka ɗauke ni in riƙa sarrafa ta. Ranar ƙaddamarwa gardama ta tashi: a wace sakatariya za ta zauna? Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa na tsoron cin haƙƙin wani. Sai aka kira wani dattijo da ya shahara wajen kasafta naman watanda da Sallah. Ya zagaya teburin, ya ɗaga kowane ɓangare ya ji nauyinsa, sannan ya yi kashi biyu: allon kallo da madannai gefe guda, akwatin ƙwaƙwalwar kwamfutar da na'urar bugawa gefe guda. Linzamin da ya yi saura, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur, ya jefa a aljihu, ladan mai rabo. Na miƙe na yi bayani da tsaftatacciyar Hausa cewa gaɓoɓin ba sa aiki a rabe. Aka yaba lafazina, aka shafa fatiha.

Mako uku ina zaune gaban allon da ba ya nuna komai sai fuskata. Rannan wani makiyayi daga wajen Gude ya zo. 'Yarsa ta sami gurbi a makarantar ungozoma, kuma in ba ta kai takardar ranar Juma'a ba, gurbin ya tafi. Na zayyana masa matsalar dalla-dalla.

Ya ce, “Malam, saniyar nan a raye take, ko an yanka ta?”

Na ce a raye, in an haɗa ta.

“To, ai sai a haɗa.”

Bai ce kowa ya yi kuskure ba. Ya bi shugabannin ƙananan hukumomin biyu ya roƙi aron kasonsu na wuni ɗaya, ya kai wa mai rabo goro ya karɓo linzamin, ya loda komai a amalanken shanunsa zuwa shagon wani mai janareto da ke kan iyakar hukumomin biyu. Ranar Alhamis takardar ta fito. Aron nan ba a mayar ba har na bar aikin, kuma kowane shugaba na bugun ƙirji cewa shi ya ba maƙwabcinsa aro.

Tun daga ranar na gane cewa manya ba sa karɓar gyara, amma ba sa hana aro.