Yayanmu Mai Zurfin Tunani

Yayanmu yana aiki a shagon kwafin takardu da ke kusa da ƙofar kwaleji. Aikinsa ya kifa takarda a kan gilashi, ya rufe murfi, ya danna, haske ya wuce. In ɗalibai sun kawo aikin kammala karatu, ya huda gefe ya ɗinke musu da zoben roba. Tun muna yara rago ne, irin wanda za a aika sayen gishiri ya tsaya kallon masu gyaran mota har a sauke tukunya. Amma a da in ya yi laifi yakan sosa ƙeya ya ce a yi haƙuri, ko ba komai da sauƙi.

Wata rana wata ɗaliba ta bar littafi a shagon, ba ta dawo nema ba. Littafin ya kasa 'yan Adam gida huɗu: mai zafin rai, mai fara'a da surutu, mai sanyin hali, da mai zurfin tunani. Yaya, wanda ko takardar magani ba ya karantawa har ƙarshe, ya zauna ya haɗiye shi. Daga ranar muka shiga uku.

Mai shagon ya zama mai zafin rai, saboda ya ce a riƙa zuwa aiki da wuri. Ni, ƙanwarsa, na zama mai surutu, don haka duk abin da na faɗa iska ce. Matarsa kuwa aka ba ta sanyin hali. In ya ɓata mata rai sai ya ce, "Irinku ba sa riƙe abu a zuci, an rubuta." Ita kuma baiwar Allah ta shige kicin ta yi kukanta tare da ƙarar famfo.

Kansa ya ware wa zurfin tunani, gidan masu basira da duniya ba ta fahimta. Na taɓa ɗaukar littafin a kan kujerar falonsu na duba. Shafukan da ake yabon irinsa sun yi baƙi da zufar yatsu, an ja layi da jan biro har takarda ta huje. Babin ƙarshe, inda aka yi bayanin yadda kowa zai gyara rauninsa, fari tas yake kamar yanzu aka fito da shi daga inji. Na nuna masa. Ya yi mini murmushin tausayi ya ce, "Ke ba za ki gane ba, irinku a sama-sama kuke ɗaukar abu."

Wallahi da a nan abin ya tsaya da dariya kawai za mu riƙa yi. Sai Mama ta kwanta ciwo.

Aka ba ta gado a ɗakin mata na asibiti, kusa da taga mai labule kore. Ni da matar Yaya muke karɓa-karɓa: juya ta, goge mata jiki, ba ta ruwa da cokali. Mama ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai, in ta ga ba shi ba ne ta mayar. "Yayanku bai zo ba?" Haka kullum.

Na same shi a shago yana jera takardu. Na ce, "Yaya, Mama tana cigiyarka. Likita ya ce jikin ba ya ci gaba."

Ya ajiye takardun a hankali. "Ƙanwata, kin san irina. Mu abu yana shiga mana har ɓargo. In na gan ta a haka, zan yi wata ban dawo daidai ba. Sai na shirya zuciyata tukuna."

"Ita kuma zuciyarta fa?"

"Mama mai sanyin hali ce. Za ta fahimta."

Na tsaya ina kallonsa, ƙaton mutum da furfura a gemu, yana fakewa a bayan littafin da wata yarinya ta manta. Raina ya ɓaci, na kuma raina shi, rainin da har yau bai sake ni ba. Daga shagon zuwa asibitin mota ɗaya ake hawa.

Maimakon zuwa sai ya koma turo saƙon murya. Dogaye, da muryar mai wa'azi, yana bayanin yadda kowane hali yake fuskantar jinya. Nakan kara wa Mama wayar a kunne. Ba ta sauraron bayanin, muryar kawai take ji. In ya ƙare ta ce, "Bai ce yaushe ba?"

Da ya gama shirya zuciyar tasa, ciwon ya riga ya taɓa mata kai. Ranar ya zo da farar riga a goge, biro a aljihu, ya tsaya a ƙarshen gado yana haɗe hannu. Na sunkuya na ce, "Mama, ga Yaya ya zo."

Ta buɗe ido ta dube shi sama da ƙasa, da ladabin da take yi wa ma'aikatan asibiti. Ta ce, "Sannu da aiki, likita."

Ya ce, "Mama, ni ne."

Ta miƙo hannu da ƙyar ta kama bakin rigarsa. "Likita, don Allah in roƙe ka. Ina da babban ɗa, yana aikin takardu a wajen kwaleji. Yaron kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa. In ka bi ta can ka ce masa ya leƙo ni ko na minti kaɗan ne. Ka ce ba zan riƙe shi ba."

Yaya ya durƙusa a gefen gadon yana ta maimaita cewa shi ne. Ita kuwa ta saki rigar, ta mayar da idonta kan ƙofa.